Ban da na Maraɗi

Ranar da na fara zama a shagon Kawu, a layin masara na kasuwar Dawanau, ya miƙo mini wani ƙarfe mai tsini, mai rami a ciki kamar bututu. Da shi ake soka buhu a ga abin da ke ciki ba tare da an farke ɗinki ba. Na tashi da rawar jiki na soki buhun farko a wuya, ƙwaya ta gangaro tafin hannuna, fara sol, manya-manya. Na ce, “Kawu, wannan ai ta yi.” Bai tanka ba. Ya karɓi ƙarfen, ya sa 'yan dako suka kwantar da buhun, ya soki gindi, ya soki tsakiya, ya juya ya soki ɗaya gefen. Abin da ya fito daga gindin kusan rabinsa tsakuwa ne da gutsattsarin totuwa, ga kuma wadda ƙwari suka huda. Ya zuba duka a faifai ɗaya, ya gauraya da yatsa, ya turo mini gabana.

“Wannan ce masarar da ke cikin buhu,” in ji shi. “Mai algus ya san inda rago yake sokawa. A wuya yake zuba mai kyau.”

Shekarata 17 a lokacin. Kasuwar tana bakin titin Katsina, cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma tun tsakiyar shekarun 1980 take ci. In ka bar ƙarar tireloli ka nausa ta wajen Tumfafi ko Kwa ko Tattarawa, ba za ka ga saura ba. Gona na jingine da gona, iyakarsu gamba ce ko bini-da-zugu, ƙasar da kaka ya noma ita jika yake nomawa, da taki ake riƙe da ranta. Kowa ya san gonar kowa, ya san rumbun kowa. Amma kasuwar da ke zaune a tsakiyar wannan ƙasa ta duniya ce. Wake da aya da riɗi suna shigowa daga Nijar, masara da dawa da gero suna bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, wasu su nufi Chadi da Kamaru, zoɓo kuwa har Meksiko ake kai shi. A layi ɗaya sai ka ji Zabarmanci da Barbarci da Yarbanci, kowa kuma da Hausa yake yin ciniki.

A ƙarshen 2022, bayan na gama karatu ina zaman jiran aiki, wani kamfani mai binciken ra'ayin jama'a ya ɗauki matasa aikin wucin gadi, har da ni. Aka ba mu waya cike da tambayoyi, aka raba mana ƙauyuka. A horon da aka yi mana an tsara komai: ka fara daga masallaci ko makaranta, ka ƙirga gidaje, ka tsallake kaza ka shiga kaza, namiji a wannan gida, mace a na gaba. Sai dai a ƙauye saurayi baƙon ido ba ya sallama a zaure ya ce matar gida yake nema. Abokiyar aikinmu mace ɗaya ce, ƙauyukan kuma sun fi ƙarfinta. Kwana biyun farko na samu wuri a teburin mai shayi a bakin titi, na cika adadina da masu babur da 'yan kamasho da samari masu bin siyasa a rediyo, mutane masu baki, masu son a tambaye su. A dare na biyu ina duba abin da na tara, na ga babu dattijo ko ɗaya, babu wanda ya wuni a wajen sussuka. Kunya ta kama ni, domin na san sunan abin da na yi. A wuya na soki buhu. Da safe na faɗa wa shugaban tawagarmu, aka soke waɗannan duka, na koma ƙirgen gidaje.

A gidajen ne aikin ya yi nauyi. Kafin ka yi tambaya ɗaya an yi maka uku: “Na gwamnati ne?” “Tallafi za a raba?” “Sunana zai fito?” In ka zo kan wa za a zaɓa, sai mutum ya duba hagu ya duba dama. Dawakin Tofa ƙaramar hukumar gwamnan lokacin ce, Abdullahi Umar Ganduje, garinsu ma mazaɓa ce a cikinta kamar yadda Dawanau take. Ga kuma jar hula ta cika kasuwa. Mai neman takin gwamnati, wanda ɗansa kuma yake cin abinci a shagon ɗan Kwankwasiyya, ba zai buɗe wa baƙo cikinsa don ya ga waya a hannunsa ba. Amsar da na fi ji ita ce, “Wanda Allah ya ba.” Mai bi mata, “Sai ranar.”

Da aka fitar da binciken da gidauniyar ANAP ta sa kamfanin NOI ya yi ta wayar tarho a Fabrairun 2023, an ba Peter Obi kashi 21 cikin 100, Bola Tinubu 13, Atiku Abubakar 10, Rabi'u Musa Kwankwaso 3. Kanun labarai suka ɗauki na saman. Ni kuwa ƙasan takardar na duba: fiye da rabin waɗanda aka tambaya, ko dai sun ce ba su yanke shawara ba, ko sun ƙi faɗa. Na san su. Na zauna a zaurukansu, na sha ruwan randarsu. Ranar 25 ga Fabrairu Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79, Obi ya zo na uku, a Kano kuma Kwankwaso ya samu 997,279, Tinubu 517,341. Mutane suka ce binciken ƙarya ne. Ni ban ga ƙarya ba. Takardar ta faɗa da bakinta cewa gindin buhu bai fito ba, masu karatu ne suka yi gaggawa. Ko Turawan da suka daɗe a wannan sana'a suna faɗawa ramin. A zaɓen Birtaniya na 2015 bincike ya yi ta nuna kankankan tsakanin Labour da Conservative, sai ga David Cameron da rinjaye a majalisa. Kwamitin da ya bi diddigi daga baya ya gano cewa waɗanda aka samu aka tambaya sun karkata ga Labour fiye da yadda ƙasar take. Masu sauƙin samu aka tambaya. Teburin mai shayi ke nan, da Turanci.

Na ɗauka darasin ya ƙare a nan: soki ko'ina, ka kuma girmama shirun mutane. Ashe akwai abin da ko ka soki buhu daidai, ƙarfen ba ya fito da shi. Wannan sai a 2024 na gan shi.

Kowa ya san yadda shekarar ta zo mana. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka hamɓarar da Mohamed Bazoum a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wa Nijar wutar lantarki. Naira ta yi ta zubewa a gaban sefa, har ya zama wanda ya shigo da sefa a aljihu hatsinmu araha yake gare shi, hanyoyin daji kuwa ba su san an rufe boda ba. Zuwa Fabrairun 2024 tsadar abinci a ƙididdigar hukuma ta haura kashi 37 cikin 100. Mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano. Hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ta rufe wasu manyan sito a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Kwastan suna ta tare motocin hatsi a hanyoyin kan iyaka. A majalisa, a motar haya, a rediyo, magana ɗaya ce: 'yan Nijar sun kwashe mana abinci.

A wannan watan aka sake kiranmu aiki, wannan karon kan tsadar rayuwa. Cikin tambayoyin akwai wata da ake karanta wa mutum: ya kamata a hana baƙi 'yan ƙasashen waje sayen abinci a kasuwanninmu, a mayar da su ƙasashensu. Amsa biyar ce, daga “na yarda ƙwarai” zuwa “ban yarda ba sam”. Tambaya biyu ce aka sa wa riga ɗaya, hana saye daban, kora daban, amma ba ni na rubuta ba, karantawa aka sa ni.

Ƙirgen gidaje ya kai ni zauren wani dattijo a wani ƙauye bayan kasuwa. Na same shi yana ɗinke mangalar jakinsa. Kafin mu fara ya ce in zo in gani. Ya ja ni bayan gida, ya ɗaga sandarsa ya bugi cikin rumbu. Rumbun ya amsa kamar ganga. Ko bazara ba ta shigo ba, ga iyali, ga iri da za a nema.

Muka koma zaure, na karanta masa tambayar. Bai bari na kai ƙarshen amsoshin ba.

“Samari, danna wadda ta fi ƙarfi. Mu noma, su kwashe? Kuɗin da bara nake auno tiya biyu, bana ɗaya ta gagara.”

Na danna. Na fara karanta ta gaba ke nan sai ya ɗaga allurar da ke hannunsa.

“Amma fa ban da na Maraɗi.”

“Wanne, Baba?”

“Na layin wake mana, maƙwabcin kawunka. Shi ai ba baƙo ba ne. Shekara nawa yana ba ni rancen hatsi da bazara in biya da kaka, bai taɓa ƙara mini ko kwano ɗaya ba. Ranar da mai ɗakina ta rasu, shi ya kawo likkafani.”

Na duba wayar. Gurbi biyar ne, kuma na riga na cike ɗaya. Babu wurin ƙarin bayani. Na ce, “To, Baba,” na wuce tambaya ta gaba.

Daga ranar kunnena ya buɗe. Ashe kullum ana faɗarta, ni ne ba na ji, domin takan zo ne bayan na danna. A kore su, amma ban da Buzun da ke gadin sitonmu, shekara goma ko allura ba ta ɓata ba. A kore su, amma ban da surukina na Damagaram. A kore su, amma ban da yaran nan 'yan ga-ruwa, in sun tafi wa zai kawo mana ruwa? Da za a tara waɗannan “ban da” wuri guda, motar korar fanko za ta tashi. Amma rahoton da za a buga ba zai ɗauki ko ɗaya ba. Zai ce mutanen karkara sun yarda ƙwarai, kuma ba ƙarya ya yi ba, da bakinsu suka faɗa. Rabin maganar kawai ya kai.

Da daddare na ba Kawu labari muna cin tuwo. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi ma ya taɓa danna wadda ta fi ƙarfi. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar. Kuɗin mai ya faɗi, masana'antu suna sallamar ma'aikata, zaɓe yana tafe a watan Agusta, ga tabon rikicin Maitatsine na Disambar 1980 bai warke ba a Kano, ana ta tuna wa mutane cewa jagoransa daga Kamaru ya zo. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, mafi yawansu 'yan Ghana, har da na Nijar da Chadi. Daga nan jakar nan mai zane-zane ta samo sunan da muke kiranta da shi har yau.

“Ni ma na yi murna,” in ji Kawu. “Na ce a tafi, a bar mana ƙasarmu. Sai ga telan da ke mana ɗinkin salla ya zo sallama, da kekensa a ka. Ni na raka shi tasha, ni na biya masa kuɗin mota, na dawo ina share ido. Kuma ɗana, ko kwabo bai sauka a farashi ba.”

Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, shi ne gidanmu ya riga ya ɗanɗana. Ƙanin kakanmu fataucin goro yake yi a zangon Kumasi. A ƙarshen 1969 gwamnatin Kofi Busia ta kori baƙin da ba su da takarda daga Ghana, ya dawo Kano da tabarma da buta, ya bar gida da rumfa. Maƙwabtansa Asante suna kuka suna cewa ba shi ake nufi ba. Amma doka ba ta san shi da suna ba.

Shi kuwa na Maraɗi, bayan waccan korar ya zo. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki, fari kuma ya faɗa wa Sahel. Yunwar da aka yi a Nijar a lokacin har suna mutanen can suka sa mata, El-Buhari. Yana yaro ya ratso daji da ƙafa, ya fara da dako, ya koma awo, ya zama dillali, yau yana da rumfarsa da yaransa. 'Ya'yansa duk a nan aka haife su. In aka tsokane shi yakan ce shi Bakatsine ne, kuma tarihi yana bayansa: sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya tasa a farkon ƙarni na 19, su ne suka kafa sarautar Maraɗi. Layin da ya raba Jibiya da Ɗan Isa, Ingila da Faransa ne suka ja shi, ba a kuma tambayi kowa ba.

Ba na cewa dattijon nan bai san abin da yake faɗa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hatsi ya ƙetara iyaka, da idona na ga ana lodi, kuma ya taɓa farashi. Amma kuɗin dizal da ya ninka kuɗin mota, da takin zamani da ya gagari talaka, da gonakin Zamfara da kudancin Katsina da 'yan bindiga suka hana nomawa, da manyan 'yan ƙasa masu cika sito su jira farashi, duk waɗannan ba su da fuskar da za a nuna da yatsa a kasuwa. Baƙo yana da ita. Ba shi kuma da ƙuri'ar da zai rama. Zargin baƙin ya kai ƙololuwa ne a watannin da iyakar take rufe a hukumance, domin sai 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumi, Najeriya kuma ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris.

A tsakiyar wannan shekarar ƙanina ya tafi Ingila da bizar kula da tsofaffi. Matarsa da 'yarsu suna gidanmu, domin tun watan Maris na 2024 aka hana masu irin bizarsa tafiya da iyali. Aiki ya kai shi gundumar Lincolnshire. Hoton farko da ya aiko mini na gona ne: ƙasa shimfiɗe kamar faifai, kabeji da dankali har iyakar gani. Ya rubuta, “Yaya, su ma ba su da saura.” Tun 2004 mutanen Poland da Lithuania suke zuwa can cirani, su ne masu cire kayan lambu da aikin masana'antar shirya su. A garin Boston na wannan gunduma, sama da kashi 75 cikin 100 suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, babu inda ya kai su a ƙasar. Aka fice, Turawan gabas suka ragu, amma gona da asibiti da gidan tsofaffi ba su daina neman hannu ba, sai aka buɗe ƙofa ga Indiya da Najeriya da sauransu. A shekarar da ta ƙare a Yunin 2023, waɗanda suka shiga sun fi waɗanda suka fita da mutum sama da 900,000.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanina yana da ƙuri'a. Ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, in yana zaune da izini, yana iya yin rajista. Ranar Alhamis 1 ga Mayun 2025 ya shiga wani ɗakin taro na unguwa, ya nuna katin shaida, aka ba shi takarda, ya yi alama da fensir. Bai cika shekara ɗaya a ƙasar ba.

Kwana biyu bayan nan ya kira ni, muryarsa ba daɗi. Cikin waɗanda yake kula da su akwai wani tsoho da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa tarakta. Ƙanina ne yake masa wanka, ya yi masa aski, ya ba shi magani, ya zauna har ya gama cin abinci. Tsohon ya gaya masa da bakinsa cewa jam'iyyar Reform UK ta Nigel Farage ya zaɓa. Ya ce baƙi sun yi yawa, ganin likita ya zama aiki, jikarsa ta rasa gidan haya, ga kwale-kwale kullum a talabijin. Sannan ya kama hannun ƙanina ya ce ba shi yake nufi ba, shi ɗa ne.

“Yaya, wallahi rasa abin cewa na yi. Kuma na san har zuciyarsa ya faɗa.”

Ni ma shiru na yi. Ina tsaye a bakin shagon Kawu, amma allurar ɗinkin mangala nake gani a ɗage.

A wannan zaɓen Reform ta ci kujerun kansila 677, ta karɓi majalisu 10, har da Lincolnshire da Kent da Durham, ta kuma ƙwace kujerar majalisar dokoki ta Runcorn daga Labour da ratar ƙuri'a 6. Lissafin BBC ya nuna da ƙasar duka ce ta yi zaɓe, da Reform ta samu kashi 30, Labour 20, Liberal Democrat 17, Conservative ta Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas, 15. Jam'iyyu biyun da suka shafe kusan shekara 100 suna karɓa-karɓa, ga su a bayan jam'iyyar da kujera 5 kacal ta samu a babban zaɓen Yulin 2024. Kwana 11 bayan nan, ranar 12 ga Mayu, Firaminista Keir Starmer ya fito da sabon tsari: za a daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje, abin da ya fara aiki a watan Yuli, kuma shekara 5 da ake jira kafin samun zaman dindindin ana son mayar da ita 10.

Waɗanda suka ƙetara teku a kwale-kwale a 2024 kusan 37,000 ne. Waɗanda suka shiga da biza sun ninka su sau da yawa, kuma su ne gwamnati take iya taɓawa da alƙalami cikin dare ɗaya. Tsohon ya yi nufin na cikin talabijin, amma a kan mai yi masa wanka ƙuri'arsa ta sauka. Su kansu masu binciken Birtaniya sun daɗe da lura cewa in ka tambayi mutum matsalar ƙasa sai ya ce baƙi, in ka tambaye shi matsalar unguwarsu sai maganar ta yi ƙasa sosai. Ga shi kuma kansilan da aka zaɓa ba shi da iko a kan biza ko teku. Ikonsa a kan titi yake, da makarantu, da kuɗin kula da tsofaffi, wato aikin da ƙanina yake yi.

Duk da haka akwai abin da na yi musu sha'awa, kuma ba zan ɓoye ba. Ban ji daɗin inda ƙuri'ar ta karkata ba, amma tana da nauyi. Tsoho a kan keken guragu ya yi alama a takarda, cikin kwana 11 Landan ta motsa. Wata shida kafin nasu mu ma mun yi namu. Ranar Asabar 26 ga Oktoban 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, aka bayyana NNPP ta ci ciyamomi 44 da kansiloli 484, duka. Ranar 16 ga Janairun 2021 APC ce ta ci 44 da 484, duka. A Fabrairun 2018 ma haka. Jam'iyya tana canzawa, lissafin ba ya canzawa, kuma ba Kano kaɗai ba ce, kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ce take share fage. Babu mai ɓata kuɗinsa ya yi binciken ra'ayi a kan irin wannan zaɓe. A jihar da ratar zaɓen gwamna a 2019 ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba, a 2023 kuma Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602 Nasiru Gawuna 890,705, hankali ba ya ɗaukar a ce mazaɓu 484 baki ɗaya suke magana. Buhu ne da ba a yarda a soka ba.

Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin matakin kansila shi ne kaɗai inda dattijon nan zai iya ƙarasa maganarsa. Shugaban ƙasa ba zai san na Maraɗi ba. Gwamna ba zai san wane sito ne aka cika aka kulle ba, wace mota ce take lodi da tsakar dare, wane ɗan cirani ne mai amana. Kansilan mazaɓar Dawanau, in mutane ne suka ɗora shi kuma yana tsoron su sauke shi, zai sani, domin a masallaci ɗaya suke salla. Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kuɗi yana da amfani, amma kunne nake nema wa ƙaramar hukuma kafin aljihu. A can suna da zaɓe mai nauyi, sai suka ɗora masa kayan da ba nasa ba. Mu nan kayan suna nan jibge, zaɓen ne babu ƙarfi a ƙafarsa.

Ranar zaɓen namu na Oktoban 2024 na wuce na Maraɗi yana zaune a kan benci da carbinsa. Shekara 40 a garin, bai taɓa yankar katin zaɓe ba. An sha ce masa ya je, wa zai tambaye shi? Yakan ce ba zai yi ƙarya a kan inda aka binne cibiyarsa ba.

Bayan kamar mako guda, sabon gero ya shigo kasuwa, ina shagon Kawu ina duba masa lissafi, sai ga dattijon nan da jakinsa, mangala cike ɓangare biyu. Ya sauke a gaban rumfar na Maraɗi, suka gaisa, suka tambayi iyali, aka shimfiɗa buhu. Na Maraɗi ya durƙusa yana awo yana ƙirgawa a hankali. Dattijon ya ɗago ya gan ni.

“A'a, samari, ashe kai ne. Zo mana.”

Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya rage murya.

“Maganar nan tamu ta rani. Ka dai rubuta ban da shi ko?”

Na Maraɗi bai ɗago ba, bai san da shi ake ba. Yana kan tiya ta goma sha ɗaya.

“Baba, ban rubuta ba. Babu gurbinta a wayar.”

“To me ka rubuta na ce?”

“Na rubuta ka yarda ƙwarai.”

Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

“Ashe ba maganata ka kai ba. Goge ta.”

“Baba, tun ranar ta tafi.”

Bai sake ce mini komai ba. Ya tsaya har aka gama awo, na Maraɗi ya ce alhamdu lillahi, bashi ya biya, ya fara tattara bakin buhu. Dattijon ya sunkuya ya ɗauki tiyar, ya cika ta da ragowar geron da ke cikin mangala har ta yi tozo, ya juye a kai.

“Malam, ai ya cika,” in ji na Maraɗi.

“Bar shi,” in ji dattijon, ya juya yana kwance igiyar jakinsa.